Maganin ɗan kaso, wa ke sayensa, kuma ta wace hanya?

Salamu alaikum jama'a. Duk sanda aka tada zancen kwangilar gwamnati a garin nan na Maraɗi, hankalin mutane kan gudron yake tafiya, ko ginin aji, ko takin zamani da shinkafar farashi mai rahusa. Ban taɓa zama a wata fada ana shan shayi na ji an kaure da gardama kan wa ke sayen maganin 'yan kaso ba, ko nawa ake warewa, ko wane ɗan kasuwa ake ba kwangilar. Alhali kuɗɗi ne na ƙasa, namu ne, kuma mutanen da ake saye dominsu su ne kaɗai a cikin al'umma da ba su da halin tashi su je wata likita in tasu ba magani. Kai da ke waje in CSI, wato likitar unguwarku, ba su da abin da kake so sai ka hau kabu-kabu ka nufi wani wuri, in ta kama ma ka ƙetara Ɗan Isa ka shiga Katsina. Shi wanda aka rufe ƙofa ɗaya gare shi, kuma makullin yana hannun wani.

Ni aikina sayar da magani ne a farmasi, to ta can nake ganin gefen abin. Akwai wata irin ordonansi da muke ganewa tun kafin a yi magana, ta sha ninki har ta yi laushi, saboda ta bi hannu da hannu kafin ta fito waje, sau da yawa a cikin kwanon abincin da aka kai. Masu kawo ta kusan kullum mata ne, uwa ko mata ko ƙanwa. Wata tsohuwa ta taɓa kawo mani irinta, ɗanta yana tsare a wani gidan kaso ba a ma yi masa shari'a ba, na lissafa mata kuɗɗin sai ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki, bai kai rabi ba. Ta ce, ɗana duba mani wanda ya fi muhimmanci a ciki, sauran sai Allah ya hore. Na ce Inna duka ukkun tare suke aiki. Ta ce to ya za ni yi, shina tari har da jini, ni kuma hura nike saidawa. Tari da jini fa. Wannan ba maganar siro ba ce, awon majina yake buƙata, kuma in tarin fuka ne maganinsa kyauta ne a ƙasar nan, ba a farmasi ake sayensa ba. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, amma ita ba ita ke da ikon fito da shi zuwa awo ba.

Tun daga nan abin ya tsaya mani a rai. Domi uwa mai sayar da fura za ta ɗauki nauyin da ba nata ba?

Don wlh ba nata ba ne. Ranar da hukuma ta rufe mutum, ta hana shi nema, ta hana shi fita, to cinsa da shansa da lafiyarsa sun koma wuyanta. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A watan Disamba na 2015 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela, shi da ya yi shekara 27 a tsare kuma a can ya kamu da tarin fuka a 1988. Ƙa'ida ta 24 ta ce kula da lafiyar ɗan kaso alhakin gwamnati ne, a ba shi kulawa daidai da wadda ake samu a gari, kyauta, ba tare da duba mi ya kawo shi ba, kuma a tsara aikin kafaɗa da kafaɗa da hukumar lafiya ta ƙasa yadda mai shan maganin sida ko na tarin fuka ba zai yanke ba. Ta 27 ta ce hukuncin da ya shafi jinya ma'aikacin lafiya ne ke yanke shi, ba mai gadi ba. Ta 30 kuma ta ce duk wanda aka kawo sabo a duba shi da wuri. Akwai na mata daban, ƙa'idojin Bangkok na 2010, da suka yi zancen masu ciki da masu goyo da kayan tsabtar al'ada. Mu ma nan gida an yi sabuwar doka kan tsarin gidajen kaso a 2017. Kenan rubutu kam akwai shi. Tsakanin rubutun da ƙwayar maganin da za ta shiga bakin mara lafiya, nan ne kwangila take, kuma nan ne abin ke lalacewa.

Ku duba yadda gidan yake. Gidajen kaso suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Masu tsaron su gardi ne, wato Garde Nationale, su kuma na ma'aikatar cikin gida ne. Magani da allura da awo aikin ma'aikatar lafiya ne. Kuɗɗin kuma sai ma'aikatar kuɗi ta saki. Sai ɗan ɗakin jinyar da ke cikin kaso ya zama kamar jakin haya, kowa na da hannu a kansa amma ba wanda zai ce ni ne mai ba shi dusa. In magani ya ƙare, wa majo, shugaban ɗakin jinyar, zai rubuta wa? In ya rubuta, wa zai amsa, cikin kwana nawa?

Dokar sayen kayan gwamnati kuwa ba ta da laifi a takarda. Tun 2005 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta fitar da ƙa'idojin da ƙasashenta suka gina dokokinsu a kai, aka kafa hukumar sa ido da muka sani da ARMP wadda daga baya ta koma ARCOP. Asali shi ne a yi shela, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe gaban jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙi. Ba da kwangila kai tsaye ba gasa, an bar shi ne don lalura ta gaggawa da makamantanta. To amma mu 'yan Maraɗi garin kasuwanci ne, mun san yadda ake yi. A bar abu har ya zama gaggawa da gangan sannan a ce ba lokacin shela. Ko a yanka babbar saye gunduwa-gunduwa yadda kowace ba za ta kai adadin da doka ta wajabta shela ba, sai a nemo faktir ukku daga shaguna ukku, alhali duka ukkun na mutum ɗaya ne, ɗaya da sunansa ɗaya da na ƙanensa ɗaya da na yaron shagonsa. In har a ma'aikatar tsaro, inda idon duniya yake, binciken da ya fito a 2020 ya yi maganar biliyan 76 na sefa da suka bi ta ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba, to ina ga kwalin amoksisilin da za a kai bayan katanga, wurin mutanen da ba mai jin muryarsu?

Abin da ya fi tada mani hankali kenan. Kwangilar gudron in an ci, kowa zai gani da damina. Kwangilar aji in an ci, iyayen yara za su yi magana a rediyo. Amma ɗan kaso in an rubuta an kawo masa kwali ɗari aka kawo talatin, wa zai faɗa wa? Wanda zai kai wa ƙara shi ne mai riƙe da makullinsa. Ba kwangilar da ta fi wagga sauƙin ci, shi ya sa ita ce ta fi cancanta a sa mata ido.

Sannan magani ba siminti ba ne da za a ce wa kowane Alhaji mai rijistar kasuwanci kawo. Ina ganin girman 'yan kasuwarmu, su suka gina garin nan, amma wanda jiya ya kawo buhunan hatsi da katifu bai kamata yau a ce ya kawo allura ba. Magani yana da ranar lalacewa, yana da lambar kamfani da ake bin sawunsa da ita, akwai wanda zafin watan Afrilu na Maraɗi zai kashe shi cikin mota tun kafin ya isa, insulin kuwa sai firji. Kuma muna bakin iyaka, kowa ya san irin maganin da ke yawo a tire da bayan keke a kasuwa. In aka ce mai arha kawai za a ba, ba a duba daga ina ya ɗauko ba, to an buɗe wa jabu ƙofa da hannun hukuma. Ƙasar nan ta ɗanɗana, a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafin da daga baya aka gano ta jabu ce. Muna da ONPPC, ofishin magunguna na ƙasa tun shekarun 1960, da farmasin gwamnati da ke ƙarƙashinsa, muna da dillalan magani masu lasisi, muna da LANSPEX da aikinta awon ingancin magani ne. Ni a ganina sharaɗi na farko a kowace takardar saye shi ne, ba mai shiga gasar sai mai izinin sayar da magani, kuma ranar lalacewar kayan ta kasance da nisa, a rubuta wata nawa baƙi da fari.

Sai maganar mi za a saya. Wanga wuri ne da ake raina shi amma rabin ɓarnar a nan take. Wani yana zaune a biro a Yamai zai rubuta lis ɗaya ya raba wa kowane gida, na Maraɗi da na Tasawa da na Dakoro duk iri ɗaya, bai tambayi majon da ke wurin ba. Alhali cututtukan kaso sanannu ne kuma suna da lokaci. Damina palu, daga Agusta zuwa Oktoba sai a ga mutane kwance reras, to kayan awon jini na gaggawa da maganin palu da ake kira ACT da gidan sauro a watan Yuni ya kamata su iso, ba Disamba ba. Lokacin zafi ƙuraje da ƙazuwa, don jiki na gugar jiki, kuma ƙazuwa ba a maganinta mutum ɗaya, ɗaki guda ake yi wa gaba ɗaya a wanke tufafi da tabarmi, in ba haka ba bayan sati biyu ta dawo. Zawo kullum yana nan. Kumburin ƙafa da ke zuwa daga cin abu ɗaya tilo ba sauyi, wanda ƙarancin bitamin B1 ke kawowa, shi ma sananne ne a gidajen kaso na Afirka, kuma maganinsa na gaskiya a tukunya yake, wake da ɗan mai da gyaɗa, ga su kuwa a nan yankin ake noma su. Kenan wanda ke rubuta kwangilar abinci da wanda ke rubuta ta magani ya kamata su zauna tebur ɗaya. Sabulu ma kayan lafiya ne. Ruwan pampo da kwashe masai ma haka. Sai tsofaffi masu tansiyo da ciwon suga, da masu taɓin hankali da aka rufe tare da kowa saboda ba inda za a kai su.

In kaya sun iso kuma akwai kwamitin karɓa da ke sa hannu a takarda cewa an kawo daidai, da wagga takarda ake biyan ɗan kwangila. To su wa ke cikin kwamitin? In babu ma'aikacin lafiyar da zai buɗe kwali ya ƙirga ya duba kwanan wata, kuma yana da ikon cewa ban karɓa ba ba tare da an tura shi wani ƙauye washegari ba, sa hannun banza ne.

Kuma gaskiya a faɗe ta, ba kullum ɗan kasuwa ne mai laifi ba. Gwamnati tana jinkirin biya. Ma'aikatan lafiya sun sani, tun da aka kawo jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006 likitoci suka yi ta bin gwamnati bashi shekara da shekaru, har wasu kantocin maganinsu suka bushe. Ɗan kasuwar da ya san sai ya yi shekara yana zarya baitulmali kafin ya ga kuɗɗinsa, ko dai ya ƙi shiga, ko ya ninka farashi, ko ya rage kaya. Na kirki su janye, a bar masu dogon hannu. Saboda haka duk wanda ke son gyara, ya fara da biya a kan lokaci.

Amma sayen ƙwaya ɓangare ɗaya ne. Ɗayan shi ne sayen aikin kansa, wa zai duba mara lafiya, wa zai yi awo, in ta kai ga tiyata wa zai biya. Nan ne na ga ya dace mu dubi abin da wasu suka gwada. A Amurka jihohi da gundumomi da yawa sun miƙa jinyar fursunoni ga kamfanoni masu zaman kansu, sau da yawa a biya su kuɗi ƙayyadadde kan kowane kai. Ka ga lissafin a fili yake, duk mara lafiyar da ba a kai asibiti ba riba ce. Binciken da kamfanin labarai na Reuters ya fitar a 2020 ya nuna mace-mace sun fi yawa a gidajen da manyan kamfanonin nan ke riƙe da jinya a kan waɗanda hukuma ke riƙe da kanta, kuma biyu daga cikin manyansu, Corizon da Wellpath, sun shiga kotun fatara a 2023 da 2024 da ƙararraki a kansu. Faransa kuwa wata hanya ta bi, da dokar 1994 ta ɗauke jinyar 'yan kaso daga hannun hukumar gidajen kaso ta ɗora wa asibitocin gwamnati, kowane gida aka haɗa shi da asibitin da ke kusa da shi. Ingila ma ta mayar da abin hannun hukumar lafiyarta ta ƙasa, aka kammala a 2006.

Ni dai hanyar Faransa da Ingila nake goyon baya, kuma ba don Turawa sun yi ba, don ita ce ta dace da abin da ke hannunmu. Maraɗi tana da CHR, wato asibitin jiha, tana da babban asibitin Référence, tana da cibiyar uwa da yaro, kowace gunduma tana da likitarta da shugaban lafiya. Mi zai hana a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin kowane gidan kaso da gundumar lafiyar da yake ciki, a ce dakta zai shigo rana kaza a sati, ungozoma za ta duba ɓangaren mata, mai awon majina zai zo ya ɗauka, farashin kowane aiki ga shi, kuma ga asusun da za a biya daga ciki? Tun Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, to lissafin ma ya ƙara sauƙi. A sa har da kuɗin man anbilans da na gardin rakiya a ciki, don sau da yawa abin da ke tsaida mara lafiya ba rashin gado a asibiti ba ne, rashin mota ne da rashin wanda zai raka shi, sai a ce wa iyali su kawo na mai. Wanda danginsa ke wani ƙauye can bayan Mayahi, ko baƙon da ba shi da kowa, shi kenan sai ya jira.

Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna toshe wagga ɓaraka, da 'yan addini da ke kai sadaka da azumi, Allah ya saka masu. Amma a Fabrairun 2025 hukumomi suka umarci CICR, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya, wadda ta daɗe tana ziyartar wuraren tsare mutane tana taimakawa, da ta rufe ofishinta. Ba siyasar abin nake ba. Abin da nake cewa, in mun ce mu za mu riƙe ƙasarmu da kanmu, kuma ina cikin masu son hakan, to har da wanga nauyi a ciki, a rubuta shi a kasafin kuɗi da layinsa daban yadda ba za a haɗe shi da na gyaran mota da takardun biro ba.

Na san abin da wasu za su rubuta mani a ƙasa. Za su ce mutanen kirki a gari ba su samu magani ba sai ɓarayi? Ɗan'uwa, na farko, fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar masu da laifi ba, wani rigimar gona ce, wani bashi ne, wani tsautsayi ne ya hau mota da kayan da ba nasa ba. Na biyu, wanda aka yanke wa shekara biyu, shekara biyu alƙali ya ce, bai ce a haɗa masa da makanta ko mutuwa ba. A addininmu an ce mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, to bare ɗan Adam. Na ukku, in ma tausayi bai motsa ka ba, cuta ba ta san katanga ba. Gardi yana kwana a can ya dawo gida wurin ɗiyansa. Mata suna shiga da kwanoni kullum. Mutane suna fita kowane wata, a Maris 2020 lokacin korona ma an saki 1,540 a lokaci ɗaya. Mu da muka ga kwalarar 2018 da ta taso daga yankin Madarunfa, muka sake ganin ta 2021, ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da cunkoso da rashin ruwa ke haifarwa ba. Tarin fuka kuwa wata shidda ake shan maganinsa ba fashi, wata biyu na farko ƙwaya iri huɗu a haɗe. In aka yanke a tsakiya saboda kaya ba su iso ba, ko aka saki mutum a wata na ukku ba takardar da za ta haɗa shi da likitar garinsu, ƙwayar cutar tana iya koyon jure magani, kuma irin wannan tarin shi zai shigo da shi cikin motar Gidan Rumji da kai ma kake ciki.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A liƙa takarda a ƙofar gidan kaso, inda mata ke layi da kwanoni, a rubuta wa aka ba kwangilar magani ta bana, nawa ne, mi da mi zai kawo, yaushe. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a karanta a gidajen rediyon gari, don shelar da ake bugawa da Faransanci a jaridar Le Sahel ba ta isa kunnen mai sayar da fura. A liƙa jerin magungunan da ya kamata a samu kyauta a ciki, yadda in aka miƙo wa uwa ordonansi za ta iya tambaya, wannan ba ya cikin waɗanda aka saya? 'Yan jaridarmu na Maraɗi, da lauyoyi, da ƙungiyoyin farar hula, ku nemi ganin takardar karɓar kaya ku gwada ta da rijistar ɗakin jinya. Mu kuma masu farmasi, in irin wagga takarda ta zo hannunmu muka ga alamar tarin da ya wuce sati biyu, kada mu tsaya ga sayar da siro, mu rubuta a bayanta cewa a yi awon majina, mu faɗa wa mai kawowa ta nemi ganin majo ido da ido ta nuna masa.